Jaririyar da Ta Ƙwace Mini Ɗaliba a Dubai

Tun da na dawo ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan biki tambaya, har mai kayan miyan layinmu sai da ya tare ni ya ce, "Malama, wai da gaske ne can ko bola ba ta wari?" Kowa so yake in ba shi labarin dogayen gine-gine da kasuwar gwal. To, bari in faɗa muku tun yanzu kada wani ya ce na yaudare shi: kwana talatin da takwas na yi a Dubai, kuma kusan rabinsu a banɗaki na yi su ina watsa wa ƙanwata ruwan zafi. Ga labarin nan na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Ƙanwata Hadiza ma'aikaciyar jinya ce a can, mijinta Sagir kuma yana aiki a wani kamfanin aika kaya. Haihuwar fari ta zo mata, Hajiyarmu kuwa ciwon gwiwa ya hana ta hawa matakala balle jirgi. Aka duba aka ga ni ce babba, ga shi an yi dogon hutu a makarantar da nake koyar da Turanci, sai aka ce Binta ce za ta je ta yi mata wankan jego. Hajiya ta zaunar da ni ta yi mini bita, sannan ta haɗa mini kaya da hannunta: kanwa, garin kunu, yaji, daddawa, kuka, sai wani ƙunshin busasshen ganyen darbejiya mai girman matashin kai.

Na ce, "Hajiya, ganye kuma har Dubai?"

Ta ce, "Ƙasar da ba a ruwan sama ina za su samu bishiya? Ɗauki ki sa a jaka."

Daga Kano muka tashi, muka sauka Addis Ababa muka canja jirgi. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Hajiya Talatu, 'yar kasuwa mai saro abaya, wadda ta ce ita kanta ta daina ƙirga zuwanta. Kafin mu sauka ta gama ba ni tarihin kowane shago, ta kuma cinye abincina da nata, don ni tsoro ya hana ni ci.

Da asuba muka isa. An buga mini hatimi lafiya, na ɗauko jakata ina ta murna, sai wani jami'i cikin farar jallabiya ya yafito ni ya ce in buɗe. Ina zuge jakar daddawa ta yi sallama, bawan Allah ya ja da baya taku ɗaya, amma don ladabi bai toshe hanci ba. Ya ɗago dunƙulen kanwa ya juya shi, ya tambaye ni mene ne. Shekara goma sha bakwai ina koyar da Turanci, ranar nan Turancin ya gudu ya bar ni. Ina ta kame-kame sai ga Hajiya Talatu ta turo keken kayanta. Ta ɓalli kanwar ta lasa a gabansa, ta ce da guntun Larabcinta na kasuwa, "Habibi, gishiri ne, shwaiya shwaiya ake sawa a kunu. Khalas!" Ban san me ya fahimta ba, amma ya tafi da kanwar can ciki, ya dawo ya miƙo mini abata. Ganyen ne ya ce ba zai shiga ba. Na yi roƙo, na ce maijego ce ke jira, ya ba ni haƙuri ya ajiye ƙunshin a gefe. Na fito idona ya ciko, ina tunanin abin da zan faɗa wa Hajiya.

Sagir ya tarye ni. Muna fita daga sanyin filin jirgin zafi ya mare ni, irin na bakin tanda. Muka shiga mota har unguwarsu, Al Muraqqabat, ina ta ba shi labarin ganyena kamar wadda aka yi wa rasuwa, shi kuma yana ta danne dariya. Da ya tsaya a ƙofar gidan ya ce, "Yaya, ɗaga kanki." Na ɗaga. Darbejiya ce, shar da ita, ga wata a gabanta, ga wata, har ƙarshen layin. Na kai hannu zan tsinka ya yi wuf ya tare ni.

"Yaya, rufa mini asiri! Nan ba a taɓa bishiyar titi, tara ce, ga kyamara ko'ina."

Daga baya wani Ba'indiye mai kula da lambun masallacinsu ne ya riƙa ajiye mana reshe in ya yi sassabe.

Gidan nasu a hawa na huɗu yake, ɗaki ɗaya da falo, a falon na sauka. Ba tsakar gida, ba murhu, ba inda za a girka tukunyar wanka. Washegari Sagir ya kai ni kasuwar Murshid neman babbar tukunya. A jirgin ƙasa ya raɗa mini cewa ba a cin komai a ciki, ni kuwa ga goro a bakina, haka na haɗiye shi bai gama taunuwa ba. Kasuwar kuwa in ka rufe ido sai ka rantse a Kantin Kwari kake. Wannan na waya yana cewa kaya sun shiga kwantena, wancan na rantsuwa da Hausa yana ciniki da Larabci. Muka samo tukunyar da ta cinye kan risho biyu, muka dawo.

Wankan ma sai da muka yi ciniki a kansa. Hadiza ta ce, "Yaya, ni fa a asibiti nake aiki, na san abin da tafasasshen ruwa da yawan kanwa ke yi wa zuciyar maijego." Na ce Hajiya ce ta aiko ni, ta ce ita kuma jikinta ne. Muka shirya a kan ruwa mai zafi amma a sirka, kanwa kuma ɗan kaɗan. Sirkin ma wasa ne, don a wannan watan famfon sanyinsu ma ruwan zafi yake zubarwa. Duk wadda ta karanta wannan ta kai wa Hajiya, ita da Allah.

Ranar suna yarinya ta ci sunan Hajiya, muka riƙa kiranta Ummi. Kyakkyawa ce tubarkalla, amma Allah ya yi ta da rigima iri ɗaya: ba ta son shiru. In ana magana a kanta sai ta yi lamo tana kallon bakin mutum, ana yin shiru za ta callara ƙara har hawa na ɗaya. Sagir ya koma aiki, don haka duk safiya da la'asar in mun shiga wanka, sai mu kwantar da ita tana tsala ihu, uwar na hawaye a ciki, ni ina gaggawa ina ƙona hannu.

A ƙofar da ke kallon tamu wasu 'yan mata shida ke haya, gado kan gado. Kullum in na fito zubar da shara sai in tarar da ɗaya daga cikinsu zaune a kan matakala, 'yar siririya mai tabarau, da ƙaramin littafi a hannu tana motsa baki. Na ɗauka addu'a take. Rana ta uku dai halin malanta ya motsa, na leƙa. Kalmomin Turanci ne jere reras, kowace da fassararta a gefe cikin rubutunsu mai kama da sawun kaji. Na yi mata magana da Turanci, ta miƙe zumbur ta rusuna. Sunanta Yun, daga ƙasar Sin. Da ta ji ni malamar Turanci ce sai ta sake rusunawa, ta ce, "Malama," da wata irin murya kamar ta ga likita.

A kan matakalar ta ba ni labarinta, kalma ɗaya-ɗaya. Ta zo karatun haɗa magunguna a wata jami'a a nan, amma sai ta ci jarrabawar Turanci za a bar ta ta shiga aji. Ta yi sau biyu, duk ɓangaren karanta labari da amsa tambayoyi ne ke kayar da ita. Saura mata dama ɗaya, nan da mako uku. In ta sake faɗuwa jami'ar za ta sallame ta, ta koma gida. Ta ce babarta, mai sayar da taliya a bakin tasha, ba wanda ba ta faɗa wa ba cewa 'yarta na jami'a a ƙasar waje. Da ta zo nan ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Ta kawo mini littattafanta, irin ƙananan nan har tara, duk cike. Na gwada ta, duk kalmar da na jefa mata sai ta cafe, har da waɗanda ni kaina sai na yi tunani. Raina ya yi fari. Ni dama a aji an san ni da doka ɗaya: ba kya wuce kalmar da ba ki sani ba, ki tsaya ki buɗe ƙamus. Na ce mata, "Da ɗalibaina irinki ne da ban yi furfura ba." Na ce ta riƙa zuwa falonmu da hantsi.

Zuwanta na farko ta iske mun fito daga wanka, Hadiza na ta tururi. Yarinyar nan ta zaro ido ta dafe ƙirji. Ta ce a garinsu tsofaffi ba sa barin maijego ta yi wanka ko ta wanke kai har wata guda, kada sanyi ya shige ta. Na ce, "Wata guda? Da zafin nan?" Ta ce mu kuma so muke mu dafa ta? Muka yi ta dariya, kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai da hankali. Amma da muka bi diddigi sai muka ga tsoronmu ɗaya ne, sanyi. Su ma ba ruwan sanyi, ba fita, sai romo mai zafi. Washegari ta shigo da romon kaza mai citta da wani jan dabino nasu. Ta ga ina kallon kwanon ina jan jiki, sai ta koma ta ɗauko ledar shagon da ke ƙasa, inda mu ma muke sayen nama, da wata sabuwar tukunya da takardarta a jiki. Ta ce ta san ba komai muke ci ba, shi ya sa ta sayi wadda ba a taɓa dafa komai a ciki ba. Kunya ta kama ni, kuma tun daga ranar na ji yarinyar ta shiga raina. Ni ma na zuba mata kunun kanwa, ta shanye tas, yajin jego ne dai ya sa ta atishawa har tabarau ya faɗi.

Karatu kuwa ya ƙi. Na ba ta labari ɗaya na sa agogo. Layi na biyu ta ci karo da baƙuwar kalma, ta tsaya, ta ja mata layi, ta ɗauki waya ta duba, ta rubuta a littafi, sannan ta koma farkon jimlar. Lokaci ya ƙare ba ta kai rabi ba. Nan na gane ciwon, na kuma ji wani iri, don dokata ce take bi sak. Na ce ta riƙa wucewa, ta ce to, amma hannun nan da kansa yake tafiya wajen waya. Na ƙwace wayar na sa a aljihu. Sai ta ƙame a kan kalmar, ta ƙura mata ido, ba gaba ba baya. Ta ce tun tana 'yar shekara shida aka koya mata cewa tsallake abin da ba ka sani ba ha'inci ne. Kwana huɗu muna wannan dambe. Na yi lallashi, na yi faɗa irin na aji har Hadiza ta leƙo ta ce, "Yaya, ba 'yar makarantarku ba ce fa." Raina ya ɓaci, don ina ganin ranar na matsowa kuma dabarata ta ƙare.

Rana ta biyar da la'asar, ruwa ya yi zafi, Ummi ta fara aikin nata. Yun ta dawo ƙarin karatu, tana zaune da takardarta. Don in samu mu yi wankan cikin natsuwa, na ɗauki yarinyar na ɗora mata a hannun hagu, na gyara mata kan, na ce, "Riƙe ta. Ki yi ta yi mata magana, in kin yi shiru za ta tara mana jama'a."

Ta ce, "Malama, me zan ce mata?"

Na ce, "Ga takarda nan a hannunki, karanta mata."

Muka shiga. Ta cikin ƙofa ina jin muryar Yun tana karatu a hankali, Ummi ta yi tsit. Can sai muryar ta tsaya, na san an iso baƙuwar kalma. Ko ƙirga uku ban yi ba Ummi ta callara. Sai na ji Yun ta ci gaba da sauri, kuka ya ɗauke. Aka jima ta sake tsayawa, Ummi ta sake buɗe maƙogwaro, karatu ya sake tashi. Hannu ɗaya jaririya, hannu ɗaya takarda, wayar na can kan tebur ba hannun ɗauka. Hadiza ta dube ni, na dube ta, da ganye a hannuna. Ranar ce muka yi wanka mafi tsawo, da gangan na yi ta jan sa.

Da muka fito Yun ta jiƙe da gumi, ta kai ƙarshen shafi na biyu. Na ce, "Me kika karanta?"

Ta ce, "Ban sani ba, Malama, kalmomi da yawa ban san su ba."

Na ce, "Na ji. Labarin mene ne?"

Ta ce na ƙudan zuma ne, yadda ɗaya ke dawowa ta yi rawa don ta nuna wa sauran inda furanni suke. Na ce in furannin na da nisa fa? Ta amsa. Na ɗauko tambayoyin da ke bayan takardar, ta ci bakwai cikin goma. Ta tsaya tana kallon takardar, ta kalli Ummi da ta yi barci da baki buɗe, ta ce a hankali, "Amma ban duba ko ɗaya ba."

Daga ranar riƙon Ummi ya zama aikin Yun, safe da la'asar. Ummi ta sha labarin duwatsun ƙanƙara, ta sha na tarihin takarda, ta sha na yadda birane ke samun ruwa. Ba ta da sassauci ko kaɗan, ba ta karɓar uzuri. In an gama, sai in bar Yun ta zaɓi kalma biyar kacal ta duba, sauran ta bar su. Sagir in ya dawo sai ya leƙa fuskar Ummi ya ce, "Yalla, ina farfesa? Yau me aka koyar?" Ni dai na koma mai dafa ruwa.

Ranar jarrabawa na kasa zama. Na share falo sau biyu, na yi mata addu'a, Hadiza na yi mini tsiya wai ko ranar tata jarrabawar ban damu haka ba. Da la'asar ta dawo, ba ta ko ajiye jaka ba ta ce, "Malama, na ga tambaya ta ƙarshe! Ban taɓa ganinta ba!" Ta ce da ta ci karo da kalma ta farko mai wuya jikinta ya ƙame kamar da, sai ta lanƙwasa hannun hagu a ƙirji kamar tana riƙe da Ummi, ta fara jijjigawa, ta wuce. Haka ta yi har ƙarshe. Mai tsaron jarrabawar har ta zo ta tambaye ta ko hannun ciwo yake mata.

Kwana biyar muka yi muna jira. Ranar da sakamako ya fito ina cikin dama kunu na ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Na buɗe, Yun ce, ta miƙo mini waya. Ta haye, da ɗan abin da ya ɗara abin da ake nema. Na rangaɗa guɗa a hawa na huɗu, 'yan matan ɗakinsu suka fito a guje sun ɗauka gobara ce. Ta kira babarta a gabanmu, ba mu ji ko kalma ɗaya ba amma duk muka yi kuka.

Ranar arba'in ta zo da kwano cike da dafaffen ƙwai da aka rina ja. Ta ce a garinsu ranar cika wata ake rabawa, amma ta ga mu arba'in muke ƙirgawa, shi ya sa ta jira. Ta ɗauki na farko da hannu biyu, ta ce wannan na malamarta ne. Na gyara zama, na gyara ɗaurin ɗankwali, na miƙa hannu. Yarinyar nan ta wuce ni, ta durƙusa gaban Ummi, ta rusuna har ƙasa, ta ajiye ƙwan a gefen zaninta. Sagir ya yi dariya har da faɗuwa daga kujera. Ni aka ba na biyu. Na karɓa na ci, don gaskiya ce, amma ban fasa hararar Ummi ba.

Kwana uku bayan haka na kamo hanya, jakata cike da abaya da turaren tsaraba, da ɗaya daga ƙananan littattafan nan tara da Yun ta ce in ajiye. Hajiya ta tambaye ni ko ganyen ya isa, na ce har ya yi saura.

Makon da aka koma makaranta na shiga ajina, na sa wata yarinya Safiya ta tashi ta yi karatu. Ta yi layi uku, ta ci karo da wata doguwar kalma, ta tsaya cak, ta ɗago tana kallona a tsorace, hannunta ya fara laluben ƙamus. Na buɗe baki zan faɗi abin da na saba faɗa shekara goma sha bakwai, sai na ji ƙarar Ummi a kunnena.

Na ce, "Bar ƙamus ɗin, Safiya. Wuce, kada ki tsaya."

Duk ajin suka juyo suna kallona. Safiya ta tsallake kalmar, ta karanta har ƙarshen shafin.